Yaran Hawayi na gyaran kwalekwalen kakanninsu, mu yaya za mu yi da gidajen Birni?

Mushen Birni:
Assalamu alaikum jama'a. Ni malamin lakwal ne a nan Damagaram, ɗan magini kuma jikan magini. Tambaya gare ni, amma bari in fara kawo muku labarin wasu mutane na nesa.

A tsibiran Hawayi, can tsakiyar tekun Pasifik, sassaƙar kwalekwale da tuƙa shi da taurari sun kusa mutuwa murus. A 1973 wasu suka kafa ƙungiyar Polynesian Voyaging Society, suka ƙera jirgi mai ciki biyu irin na kakanninsu, suka sa masa suna Hokule'a, ya shiga ruwa a 1975. Da za su tafi Tahiti a 1976, tafiyar wajen kilomita 4,000, duk Hawayi aka rasa wanda zai iya kai su babu kamfas. Sai daga wani ɗan tsibiri, Satawal, aka roƙo Mau Piailug. Shi ya ja su, yana duban taurari da igiyar ruwa da tashin tsuntsaye. A 1980 almajirinsa Nainoa Thompson, haifaffen Hawayi, ya kai jirgin Tahiti ya maido shi gida.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne gyaran. In an fito da jirgin tudu a Honolulu, ɗalibai da ƴan sa-kai ke goge katako, su kwance tsohon ɗauri su sake sabo, don igiya ce ke riƙe sassan jirgin. Yaron da ya ɗaure igiyar nan ya san rayukan mutane ne za su hau kan ɗaurinsa.

Mu kuwa kowace damina sai wani gidan ƙasa ya zube a Birni, tsohuwar unguwar Damagaram. Masu iya zanen ƙofar zaure sun tsufa, samarinmu na zaune a fada, majalisarsu ta hira, suna shan shayi. Ta wace hanya za mu haɗa su?

Tsohon Magini:
Wa alaikumus salam ɗana. Jikana ke rubuta mini. Kafin ka nemi yara, nemi azara. Soro ba ya tsayuwa sai da giginya, ita ce gara ba ta ci, ga shi yanzu sai an sha wuya ake samun ƙosasshiya. Makuba ma daga ɗorawa take, in babu ita yaɓe ba ya jure ruwa. Koyarwa kam zan koyar, ko gobe. Amma ban iya koyar da ɗaurin bakan gizo da fatar baki ba.

Mushen Birni:
Baba, Allah ya ƙara girma. Wallahi abin da ya sami mutanen Hawayi ke nan. Da suka so sassaƙa wani jirgi, Hawai'iloa, da kayan gargajiya, sun bi dazuzzukansu neman itacen koa mai kaurin da ake bukata, ba su samu ba. Ƴan asalin Alaska ne suka ba su gungume biyu, jirgin ya shiga ruwa a 1993. Baƙin cikin nan ya sa suka koma dashen koa. To mu ma yaron da zai koyi gini ya dasa giginya, ko da jikansa ne zai sare ta.

Ɗan Fada daga Zango:
Mushe, da girmamawa nake magana. Ba ƙyuya ke zaunar da mu ba. Wanda ya je buga bulon siminti, da yamma zai dawo da abin cefane. Wanda ya koyi tubali wa zai kira shi aiki? Masu kuɗin garin nan rushe na ƙasa suke yi su zuba kankare. A samo mana gida guda da za a gyara a biya mu, ko kaɗan ne, ka ga hannuwa.

Inna ta Birni:
Malam, kada a bar ƴan mata a baya. Daɓe aikinmu ne, da waƙarsa muka tashi, yau ƴaƴana ko madaɓi ba su taɓa riƙewa ba.

Mushen Birni:
Inna, da su za a yi. A jirgin Hawayi ma akwai mata cikin matuƙa. Ƙanena na Zango, maganarka dutse. Su can da jirgi ɗaya suka fara, Hokule'a, kuma jirgin da ke tafiya da gaske, har ya zagaye duniya tsakanin 2014 da 2017. Mu ma zaure ɗaya ya ishe mu farawa, wanda ake shiga ana fita kullum. Baba ya ja gaba, a haɗa kuɗin leburanci da na azara tsakaninmu, a fara bayan damina in ƙasa ta yi daɗin kwaɓi. Ni zan kawo ɗalibaina ranakun da babu lakwal. Duk mai zauren da ya tsage, kuma ya yarda a taɓa masa, ya yi magana a nan.