In ajiye aikin albashi saboda barkwanci? Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni

Sabon Shiga: Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan ina hawa dandamali a dararen da ake ba kowa makirufo na minti biyar, kuma yanzu na tara minti goma sha biyar da na tabbata suna ba da dariya. Wani mai shirya taro ya yi mini tayin in riƙa share wa wani babban ɗan barkwanci fage a zagayen wata uku, amma ofishinmu ba zai ba ni hutun da ya kai haka ba. In ajiye aikin ne, ko in bar damar ta wuce? Ina da mata da ɗa guda.

Dariya Dole: Wa alaikumus salam. Ka riƙa naɗar wasanka a waya kana yanka shi gajeru-gajeru domin YouTube, ta nan ake yin suna yanzu.

Tsohon Hannu: Ƙanena, irin wannan tayin ne ya raba ni da aikina, kuma har yau ina cizon yatsa. An yi mini alkawarin dare ashirin, aka yi shida, daga nan mai taron ya daina ɗaga wayata. A daren ƙarshe na tsaya gaban kujeru ɗari da mutum tara a kansu, uku ma'aikatan wurin ne, duk maganar da na saki sai ƙarar firjin bayan zaure ta amsa mini. Da na sauko aka ce haƙƙina daga kuɗin tikiti zai fito, alhali tikitin ko hayar zauren bai biya ba. Wata takwas na yi ina neman wani aikin.

Uwar Raha: Allah ya mayar da alheri, Yaya, amma ni ban taɓa share fage a kan kason tikiti ba. Ana yanka mini kuɗi tsayayye, a ba ni rabi kafin in hau.

Mai Lura: Hajiya, ke kin yi sa'a. Ni kuɗin mota kawai ake ba ni, akwai ma inda aka ce sai na kawo mutum biyar masu sayen tikiti kafin a miƙa mini makirufo. Matsalar kuwa tsohuwa ce, domin a 1979 'yan barkwanci sun yi yajin aiki a gidan barkwanci na Comedy Store da ke Los Anjelis, cikinsu har da Jay Leno, saboda ana sa su wasa ba a biyansu. Wani ɗan barkwancin Amurka kuma, Rodney Dangerfield, barin sana'ar ya yi na shekaru yana tallar kayan gini, bai yi suna ba sai da ya haura arba'in.

Dariya Dole: Wanda ya kasa cika kujeru goma bai kamata ya tsorata mai tasowa ba.

Tsohon Hannu: Kai da ba ka taɓa tsayawa gaban zauren da ya yi maka tsit ba, da wane baki za ka ba da shawara? A bidiyo kana goge inda ba a yi dariya ba, a dandamali kuwa sai ka haɗiye shi a tsaye.

Sarkin Zolaya: Malam, ka fara gwadawa a gida. Ka ce wa uwargida ka ajiye aiki, in ta yi dariya, lallai kana da baiwa.

Uwar Raha: Tun da an ambaci bidiyo, ni shi ne ya cuce ni. Wani labari da na shafe wata bakwai ina gyarawa, har na gano inda zan yi shiru kafin kalmar ƙarshe, na sa shi a intanet, bayan mako biyu na ji shi a bakin wanda ya fi ni mabiya. Yanzu in na faɗe shi, ni ake kallo a matsayin ɓarauniya.

Sabon Shiga: Na gode ƙwarai, sai dai ranar Litinin ake jiran amsata.

Mai Lura: Hajiya, kin tunkare shi kuwa? Nawa ɓarawon cewa ya yi tunaninmu ne ya zo ɗaya, alhali har tarin da nake yi a tsakiyar labarin bai bari ba.