Kare ya ci cakulan: nawa ne ke zama guba?

Maigadi:
Assalamu alaikum. Jama'a, wai da gaske cakulan na kashe kare? Yara kan jefa wa karen gida ragowar nasu, kuma nauyinsa bai wuce kilo 10 ba. Nawa zai ci ya cutar da shi, kuma me za a yi idan ya riga ya haɗiye?

Likitan Dabbobi:
Wa alaikumus salam. Gaskiya ne, malam. Kokon da ake cakulan da shi (ba na gero ba) na ɗauke da sinadarin tiyoburomin, kuma jikin kare ba ya iya fitar da shi da wuri. Sai an yi kusan awa 17 kafin rabinsa ya bar jini.

Da nauyin kare ake lissafi. Miligiram 20 na sinadarin a kowane kilo na nauyinsa na kawo amai, gudawa, ƙishirwa da rashin natsuwa. Daga 40 zuciya ta fara bugawa ba daidai ba, daga 60 kuwa sai jijjiga da farfaɗiya. Karenka mai kilo 10 zai kai matakin farko da kamar giram 100 na cakulan mai madara, ko giram 40 na baƙi mai ɗaci. Garin koko zalla ya fi muni, giram 10 ma ya isa. Farin cakulan kusan ba shi da sinadarin, sai maiƙon da ke ɓata ciki.

Hajiya Mai Kiwo:
Don Allah kar a tsaya jiran alama, domin takan ɗauki awa 6 zuwa 12 kafin ta fito. A ɗauki ledar cakulan ɗin a tafi asibitin dabbobi, a faɗi lokacin da ya ci. Idan ba a wuce awa 2 ba, likita zai sa shi amai, ya ba shi gawayin magani, ya ƙara masa ruwa. A riƙa fitar da shi fitsari akai-akai, saboda sinadarin na komawa jini ta mafitsara.

Ɗura masa manja ko madara ba ya karya gubar. Ruwan gishiri kuwa wata gubar ce daban, tana iya kashe shi.

Likitan Dabbobi:
Haka ne, Hajiya. A kula da goro ma, sinadarin kafeyin da ke cikinsa dangin tiyoburomin ne, illarsa ɗaya ga kare. A kwaɓi yaran tun yau.