Don Allah a taimaka, gadeniyar mahaifiyata na lalacewa a hannuna

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. A yi haƙuri da tsawon rubutun, raina ne a dagule.

Akwai wata fulawa a gidanmu na Tudun Wada, gadeniya, mai farin furen nan da ƙamshinsa ke cika tsakar gida bayan magariba. Mahaifiyarmu ce ta shuka ta tun muna yara, a gefen rijiya, inda inuwar gwaiba ke sauka mata da rana. Allah ya yi wa Hajiya rasuwa, aka zo rabon gado. Ɗaki biyu ne mu, aka kasa daidaitawa a bar gidan, babban yayanmu ya ce a sayar kowa ya kama gabansa. Ni ban so ba, kuma na faɗa a gaban kawunmu, amma bakin mace ɗaya bai hana komai ba. Wanda ya saya shaguna zai gina. Ranar da na ji an kawo masu rusau, cikin watan Disamba, na nemi yaron maƙwabta da diga muka tono ta, na sa a Keke Napep na kawo Unguwar Dosa inda muke haya. Babu wanda ya tuna da ita sai ni. Yanzu kuwa da ta zo hannuna, kowacce cikin 'yan uwana mata sai waya take a yanka mata reshe, har da wadda ba ta leƙo ba ranar kwashe kayan ɗakin Hajiya.

To tun da na kawo ta ba ta sake ba. Ƙullin furen da ta zo da shi duk ya zube bai buɗe ba. Sabon ganye yana fitowa rawaya, tsofaffin suna kaɗewa. Na yanki rassa na soka a ƙasa, duk sun yi baƙi. Ga bikin autarmu bayan ƙaramar Sallah, ni ke haɗa mata humra, na ci burin in sa ƙamshin furen nan a ciki don Hajiya. Me zan yi ta farfaɗo? Kuma yaya ake yaɗa ta? In ta mutu ban san bakin da zan yi wa 'yan uwana magana da shi ba.

Anti Barnawa:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa ta huta. Ki zuba mata toka a gindi ƙanwata, ni duk shukar gidana da toka nake raya ta. Maganar gado kuwa kar ki tuna min. Namu gidan na Kabala har yau yana kotu, bishiyar lemon da Baba ya shuka wani ɗan haya ya sare ta wai tana tara masa sauro.

Malam na Mando:
Allah ya gafarta wa Hajiya. Anti Barnawa, da girmanki, toka ita ce za ta ƙarasa kashe shukar nan. Na yi aikin gandun daji da renon itatuwa har na yi ritaya, na san abin da nake faɗa. Gadeniya ƙasa mai ɗan tsami take so, a ma'aunin tsamin ƙasa wajen 5 zuwa 6. Toka tana kashe tsamin, haka siminti, haka ruwan sabulu. Idan tsamin ya tafi, ko da akwai sinadarin ƙarfe a ƙasar saiwar ba ta iya sha, shi ne sabon ganye zai fito rawaya amma jijiyoyinsa kore.

Maman Ilham, kin ba mu labarin gado tiryan-tiryan amma ba ki faɗi abin da ake bukata ba. A cikin me kika dasa ta? Wace ƙasa? Wane ruwa kike ba ta? Ina kika ajiye ta, rana na dukanta daga ƙarfe nawa? Jijiyar ganyen kore ce ko ita ma ta yi rawaya?

Maman Ilham:
Amin, na gode. Baba, a rabin duro na roba take, babba ne sosai. Ƙasar daga wajen wani gini na bayan layinmu aka ɗebo min, na haɗa da kashin kaji. Tana jikin katanga ta yamma, nan ne kaɗai ba ta tare hanya. Eh jijiyoyin kore ne. Ruwa kuma ba na fashi, safe da yamma, wanda muka yi ɗauraya da shi nake zuba mata tunda famfonmu ba ya kawowa, sai mai ruwa.

Malam na Mando:
To ga shi kin amsa wa kanki. Ƙasar wajen gini akwai burbushin siminti a cikinta. Ruwan ɗauraya akwai omo. Kashin kaji in bai ruɓe ba ƙona saiwa yake, balle saiwar da diga ta riga ta datse. Sannan katangar da rana ke duka daga azahar zuwa la'asar gasa shuka take yi. Ita wannan asalinta daga kudancin Sin da maƙwabtanta ne, wuri mai laima, kin tumɓuke ta a tsakiyar hunturun Kaduna da iska ke fasa leɓe, dole ta zubar da ƙullin fure. Ranar safe take so har wajen ƙarfe goma ko sha ɗaya, daga nan inuwa mai ratsin haske, irin wadda gwaibar can ta ba ta. Duron nan an huda ƙasansa?

Maman Ilham:
Ba a huda ba Baba, mai gidan da muke haya ba ya son ruwa ya ɓata masa daɓe, har takarda ya taɓa ba maƙwabciyata a kan haka. Amma ba na cika mata ruwan ai, da lissafi nake zubawa. Ruwan ɗaurayar ma na ƙarshe ne, kusan babu kumfa. Kuma ita Hajiya a bakin rijiya take wanki shekara da shekaru, ruwan yana gangarawa gindinta, ba abin da ya same ta. Ni a ganina kewar wurinta take yi.

Maman Twins Kawo:
Wallahi 'yar uwa na fahimce ki a maganar ruwa. Masu cewa a ba fulawa ruwa mai kyau ba su san nawa ake sayar da kura ɗaya a Kawo yanzu ba. Ni tawa matsalar ma awakin maƙwabta ce, sun cinye min zogale da duk abin da na jera a ƙofar gida, na yi magana matar ta ce in ɗaure fulawata tunda ita ba za ta ɗaure akuyarta ba. Ki binne tsofaffin ƙusoshi masu tsatsa a gindinta, an ce suna ba da ƙarfen.

Malam na Mando:
Ƙusa ba ta yin komai, tsatsa ba ta narkewa yadda saiwa za ta sha. Maman Ilham, a gidan Hajiya a ƙasa take, ruwan wanki yana nutsewa ya wuce, damina ta zo ta wanke sauran. A duro marar huji duk abin da kika zuba yana nan kwance a ƙasa. Ki soka sanda har gindin duron ki zaro ki shinshina, in kin ji wari saiwa ta fara ruɓa.

Abin da za ki yi, yau ba gobe ba. A huda duron wuri da yawa, a ɗora kan bulo, ki sa tsohon faranti ya tare ruwan don mai gida. Ki fitar da ita ki zubar da ƙasar nan gaba ɗaya. Ki samo baƙar ƙasa ta ƙarƙashin bishiya inda ganye ya ruɓe, ki haɗa da yashin rafi da kashin shanu wanda ya shekara. Saiwar da ta yi baƙi ta yi laushi ki datse. In kin ga ƙulle-ƙulle a jikin saiwa irin na tumatir mai ciwo, tsutsar ƙasa ce, wannan wata magana ce daban, ki dawo ki gaya min. Ki rage rassan kamar kashi ɗaya cikin uku don saiwar da ta rage ta iya ɗaukarsu. Kar ki sa takin kamfa ko yuriya sai ta yi sabon toho. A shagunan kayan noma ki tambayi ayon salfet, sinadarin ƙarfen da na ce ke nan, kaɗan ake narkawa a ruwa. Ruwa kuma sai kin tura yatsa kin ji saman ƙasar ya sha iska. In damina ta sauka ki tari ruwan sama, babu wanda ya fi shi a wajenta.

Hajiya Malali:
Malam ka yi bayani, amma ban yarda a sake tumɓuke ta yanzu ba. Shukar da aka tono a Disamba a sake girgiza ta ana shiga zafin Maris da Afrilu? Ina da gadeniya a baranda ta gabas, na taɓa canza wa ɗaya tukunya a bazara, ba ta kai damina ba. Ki huda duron kawai, ki kwarara mata ruwa mai kyau ya fita ta ƙasa ya wanke omon, ki ja ta inuwa, ki rufe saman ƙasar da busasshen ganye. Sauran aikin a bari sai Yuni. Ki kuma duba bayan ganyen da hammatar reshe, in akwai wani farin abu mai kama da auduga da kiyashi na hawa, ƙwari ne masu tsotso, a goge su da ruwan ganyen dogonyaro.

Malam na Mando:
Hajiya, shukar da ke zaune cikin siminti ba za ta jira Yuni ba. Na faɗi nawa.

Maganar yaɗawa kuma, rassanki sun yi baƙi ne don ba lokacinsa ba ne. Daga Yuni zuwa Agusta ake yi. A zaɓi reshen da ya fara ƙwari amma bai zama itace ba, tsawon santimita 10 zuwa 15, a yanka daidai ƙasan gaɓa da reza mai tsabta. A cire ganyen ƙasa, a bar biyu ko uku a sama, manya a raba su biyu. A soka a yashi mai laima, a kifa masa farar leda ko gorar ruwa da aka yanke, a ajiye a inuwa. Mako huɗu zuwa takwas zai yi saiwa. Wanda ya fi tabbas shi ne a sa reshe ya yi saiwa yana jikin uwar: a feɗe ɓawon zagaye kamar faɗin yatsa, a naɗe da jiƙaƙƙen ruɓaɓɓen ganye, a ɗaure da leda, bayan wata biyu zuwa uku in an hango farar saiwa a yanke a dasa. Amma duk wannan daga lafiyayyar uwa ake yi. 'Yan uwanki su jira. Ita gadeniya dangin gauɗen dajinmu ce, a Florida ta Amurka ma aure ake yi mata da wata 'yar uwarta ta kudancin Afirka saboda tsutsar saiwa, na daɗe ina son gwada auren da gauɗe.

Ummu Sudais:
Ni a kofin ruwa na jiƙa nawa a bakin taga, ina canza ruwan, ya yi saiwa lafiya lau, ba leda ba yashi. Kan humra kuma, sana'ata ce. Furen nan ba ya jure wuta, kin dafa shi ko kin turara ƙamshin ya gudu, ko yatsa ya cika taɓa shi sai ya yi ja-ja. Jiƙa shi ake a mai. A tsibirin Tahiti haka suke yi da tasu irin gadeniyar, a man kwakwa. Ki tsinka da sassafe, ki bari raɓar ta bushe, ki nutsa a man, ki riƙa cire na jiya kina sa sabo, in ya kwana biyu a ciki ruɓa yake ya ɓata man. Sai dai fure mai yawa yake ci. Gaskiya ki sayi turaren gadeniya na kwalba wajen masu kayan humra a Kasuwar Barci ki haɗa, bana kam ba za ki samu fure ba. Mu da muke saye ma kullum kuka muke, an cika sirka mana shi.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Amma na kwalba ba shi nake nufi ba, wannan kowa ma zai iya saya. Baba, rage rassan ne ba zan iya ba, Hajiya ba ta taɓa sa mata wuƙa ba. Gabas ɗin gidan kuma ƙofar maƙwabciyata ce, ba ma shiri sosai. Na yi wa Abban Ilham maganar huda duro ya ce in bari ya ga mai gidan tukuna. Na dai rage ruwan ɗaurayar, ina sirkawa da na mai ruwa. Anti Barnawa tun jiya na riga na zuba tokar kafin in ga saƙon Baba, amma kaɗan ce. Yanzu yayata ta kira wai ranar Asabar za ta zo ta yanki nata da kanta, ta ce kafin ta mutu gara kowa ya samu. In hana ta ne?

Hajiya Malali:
Ki bar ta ta yanka biyu ta sa a ruwa, in uwar ta tafi ko ba komai akwai iri.

Malam na Mando:
Ki hana ta. Ki kwashe tokar nan yanzu da cokali. Kin soka sandar da na ce? Me kika ji?

Baban Walid Rigasa:
Salam jama'a, tunda ana maganar, ni kuma gara ce ta addabi gindin fulawoyina, na sa gishiri na sa kalanzir ba ta bari ba. Malam na Mando ko akwai abin da za ka ce?