Muhawara: Shin ɗumamar duniya za ta raunana iskar Tekun Fasifik?

Malam: Jama'a, ana cewa ɗumamar duniya za ta sa Fasifik ya karkata wajen yanayin El Nino, wato lokacin da ruwan gabashin tekun ke ɗumama, iskarsa ta yi rauni, kuma ni na yarda. Iskar da ke kaɗawa daga gabas zuwa yamma a tsakiyar tekun, bambancin zafin ruwa ne ke tura ta. Wajen Indunusiya saman ruwa kan kai digiri 29, a gaɓar Peru kuwa ruwa mai sanyi ke tasowa daga ƙasa. In gabas ta fi saurin ɗumama, tazarar ta ragu, iska ta yi laushi. Yawancin lissafin kwamfuta haka ya nuna.

Ɗaliba: Allah ya gafarta Malam, lissafi ya nuna, amma teku bai bi ba. Tun wajen 1980 yamma ce ke ƙara zafi, gabas ta tsaya cik, wasu wuraren ma sun huce. Iskar ma ƙarfi ta ƙara. Ga La Nina, kishiyar El Nino, sau uku a jere, daga 2020 zuwa farkon 2023.

Injiniya: Ƙanwata, shekara arba'in ba ta isa a yanke wa teku hukunci ba. Fasifik na da nasa juyin da kan ɗauki shekaru gommai, ko da ɗumama ko babu.

Malam: Madalla. Kuma ina za ki kai El Nino na 1997 da 2015 da 2023?

Ɗaliba: Waɗannan hawa da sauka ne, Malam, ni matsakaici nake magana. Tun 1969 masanin yanayi Bjerknes ya nuna iska da ruwa na ƙarfafa juna: iska ta yi ƙarfi, ta janyo ruwan sanyi sama a gabas, tazara ta ƙaru, iska ta sake ƙaruwa. A 1996 masaniyar yanayi Amy Clement da abokan aikinta suka ce ruwan da ke tasowa daga zurfi bai sha zafin zamaninmu ba, don haka yana jinkirta ɗumamar gabas.

Injiniya: Jinkiri kika ce. Wata rana shi ma ruwan zurfin zai ɗumama, Malam ya ci gari.

Ɗaliba: Yaushe, Yaya? Mai tsara gona da madatsar ruwa a Ostireliya ko Peru, shekara talatin masu zuwa ne damuwarsa. Lissafin da ya kuskure jiya, a bincike shi kafin a jingina da shi.

Malam: A bincika, na amince. Amma ban janye ba.