Masarata ta ƙi yin kore duk da yuriya: in gwada amoniyam salfet?

Mai Garma:
Assalamu alaikum 'yan'uwa manoma. Gonata jigawa ce, masara nake yi a cikinta. Bana na sa kamfa (takin NPK) da fari, na bi da yuriya, amma har yau ganyen ɗorawa-ɗorawa yake, musamman sababbin da ke fitowa ta sama. Na ƙasan kuwa lafiya lau. Maƙwabcina ya ce in nemi amoniyam salfet, farin takin nan mai kama da sukari. Da na duba buhun sai na ga 21 aka rubuta, alhali yuriya 46 ce. To don Allah me zai sa in bar mai ƙarfi in koma wa mai rauni? Ni dai raina bai kwanta ba.

Tsohon Malamin Gona:
Wa'alaikumus salam, Malam. Ai ka ba da amsa da bakinka. Idan naitirojin ne ya yi ƙaranci, tsofaffin ganyen ƙasa ne ke fara sauya launi, domin shuka tana janye shi daga can ta kai wa sababbi. Farar wuta kuwa ba ta yawo haka a jikin shuka, shi ya sa rashinta ke fara nunawa a sabon ganye. Yuriya ba ta da ita ko kaɗan, ba kuma kowace kamfa ke ɗauke da ita ba. Ga jigawa, ruwa na wanke ta ya yi ƙasa da ita.

Sake duba buhun amoniyam salfet ɗin, za ka ga 24 kusa da 21 ɗin: 21 kason naitirojin ne cikin ɗari, 24 kuma na farar wuta. Wato a buhu mai kilo 50 akwai naitirojin kilo 10.5 da farar wuta kilo 12. Yuriya kilo 23 na naitirojin take bayarwa, don haka sai ka haɗa buhu biyu da ɗoriya kafin ka kamo ta. Kada ka maye gurbin yuriya da shi gaba ɗaya. Ka rage yuriyar kaɗan, ka cike da shi. Amma fa in zane-zane fari ka gani a gefen jijiyar ganye, zargi ƙarancin sinadarin zink tukuna.

Uwar Albasa:
Baba ya yi gaskiya. Mu masu albasa da tafarnuwa ba ma wasa da shi, don yajin nan da ƙamshinsu daga farar wuta suke. Kabeji da riɗi ma suna so. Wani abin da nake so da shi, ba ya saurin jiƙewa ya dunƙule a ajiya kamar yuriya.

Ɗan Fadama:
Hajiya, a faɗi daɗinsa a faɗi ɗacinsa. A takin naitirojin da aka saba amfani da su, babu mai tsamar da ƙasa kamarsa. Jigawa kuma ba ta da juriya. Shekara da shekaru kana zuba shi kaɗai, wata rana shuka za ta daina cin takin da kake ba ta. Malam, in da hali ka kai ƙasar a auna tsaminta. In dama tana da tsami, sufa (takin SSP) ta fi maka, ita ma tana da farar wuta wajen kashi 11 zuwa 12 cikin ɗari, sai dai da wuri ake sa ta, lokacin shuka.

Mai Garma:
Allah ya saka da alheri. Masarar ta kai gwiwa yanzu, sufa ta wuce ni ke nan. Zan iya cakuɗa shi da toka don rage tsamin?

Tsohon Malamin Gona:
A'a, kul! Toka ko farar ƙasa in suka haɗu da shi, naitirojin ɗin iska yake bi, har warin za ka ji. Tona ɗan rami nesa da gindin shuka kamar tsawon yatsa, ka zuba ka rufe, lokacin da ƙasa ke da danshi. Ka kiyaye kada ya faɗa cikin kurmin masarar, yana ƙona ganye. Fara da kunya kaɗan ka bar sauran, sabon ganyen da zai fito shi zai nuna maka. Batun tsami kuma a bari sai an girbe, ka kai takin gargajiya.