B450 na hannu ko B550 sabo? Ku taimaka kafin Asabar

Ɗan Kurna: Salamu alaikum ƴan'uwa. Kwamfuta nake haɗawa don gyaran bidiyon biki. Ina da firosesa Ryzen 5 5600 ta kamfanin AMD, da ram DDR4 guda biyu. Saura madabod, allon da ake ɗora su a kai. In ɗauki B450 na hannu ko in daure in sayi B550 sabo? Asabar zan shiga kasuwa.

Mai Shayi: Ka ɗauki H610 kawai ka huta.

Ɗan Kurna: Malam, ai wannan na Intel ne. Firosesata ramin AM4 take shiga, ba za ta zauna ba.

Baban Ummi: Ƙanena, ka guji na hannu. Bara na sayi B450, na ɗora 5600 irin taka. Fanka na juyawa, allo baƙi ƙirin. Ashe BIOS ɗin, wato manhajar da ke tayar da madabod, tsoho ne, bai san Ryzen 5000 ba. Mai shagon ya ce "ai a gabanka na gwada". Eh, amma da tsohuwar Ryzen 2600 ya gwada! Sau uku ina komawa, har sai da na biya wani yaro ya aro tsohuwar firosesa aka sabunta. Bayan wata biyu ramin ram ɗaya ya mutu. Na koma, ya ce ciniki ya riga ya faɗa. Allah ya isa.

Injiniya: Sannu Alhaji, amma laifin BIOS ne. Ko B550 na farko da suka fito a 2020 sai an sabunta su. Ka nemi mai maɓallin sabuntawa ta filasha. B550 kuma yana da PCIe 4.0, hanyar haɗa katin girafik mai sauri. Tukuna ma, kana da katin girafik? 5600 ba ta fitar da hoto ita kaɗai, sai 5600G.

Mai Shayi: Dubu 95 na ga B550.

Ƴar Zariya: Yaushe, zamanin Shagari? Dubu 150 aka ce min makon jiya.

Baban Ummi: Injiniya, kai a YouTube ka gani, ni a aljihuna na ji.

Injiniya: Kwamfuta nawa ka taɓa haɗawa, Alhaji? Ɗaya.

Ƴar Zariya: Ku bar musu. Kwamfutata sabuwa ce fil, wuta ta dawo da ƙarfi cikin dare ta ƙona fawa saflai har da bod ɗin. Sitabilaiza tana nan kamar hoto.

Mai Shayi: Ku har kuna samun wutar da za ta ƙona abu? Mu kwana huɗu ke nan taransifoma a lalace, an ce kowane gida ya kawo dubu biyar.

Ɗan Kurna: To jama'a, wanne zan saya?

Baban Ummi: Dubu biyar? Mu goma aka karɓa.