Foliyo da kwato: me za mu kira su da Hausa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Laburaren Folger da ke Washington, wanda aka buɗe a 1932, yana ajiye da kwafi 82 na tarin wasannin kwaikwayon Shakespeare, marubucin Ingila, da aka buga a Landan a 1623. Kimanin 235 ne suka rage a duniya. Turawa na kiran wannan bugu foliyo, ƙananan bugu na wasa ɗaiɗai kuma kwato. In ce "babban littafi" da "ƙaramin littafi"?

Mai ɗab'i: Wa alaikumus salam. Malam, girma ba shi ne ma'auni ba, don mai ɗinkin littafi kan datse gefe har babba ya koma ƙarami. Ninki ake dubawa. Fallen takarda in an lanƙwasa shi sau ɗaya, warƙa 2 ke nan, shafi 4: foliyo. Sau biyu, warƙa 4, shafi 8: kwato. Sau uku, warƙa 8, shafi 16. A ce "mai ninki ɗaya" da "mai ninki biyu".

Malamar Hausa: Bayaninka ya fita, Malam, amma sunan zai rikita mutane. Miƙa wa Bahaushe takarda ka ce ya ninka ta biyu, lanƙwasa ɗaya zai yi, wato foliyo, alhali kai kwato kake nufi. Mu ƙirga gida, kamar yadda ake ninka zane: "ninkin gida biyu", "ninkin gida huɗu", "ninkin gida takwas". Masu kundin laburare ma 2°, 4°, 8° suke rubutawa.

Ma'aikacin laburare: Na bi bayan Malama. Ga yadda ake tabbatarwa ko da an datse: ɗaga warƙar ga haske. Takardar da aka yi da hannu tana da layuka masu tazara da wayar tankaɗen da aka yi ta da shi ta bari. A gida biyu tsaye suke, tambarin mai takarda kuma yana tsakiyar warƙa. A gida huɗu kwance suke, tambarin ya faɗa cikin ɗinki, rabi nan rabi can. Wanda ya saba da takardar Italiya mai jinjirin wata uku a rubuce-rubucenmu na da ya san irin tambarin.

Mai ɗab'i: Na janye nawa. Sai dai bugun 1623 ba falle-falle aka ɗinke shi ba. Falle uku ake cusawa cikin juna, warƙa 6, shafi 12. Shafi na 1 da na 12 a fuska ɗaya ta falle suke, kuma haruffan gubar ba sa isa a jera sha biyun gaba ɗaya, don haka sai a kintata inda kowane shafi zai ƙare, a fara da na 6 da na 7 a ƙare da na 1 da na 12. In kintacen ya kuskure, mai jera haruffa ya matse baitoci su koma zube, ko ya buɗa tazara don cike gurbi. Wani masanin ɗab'in littattafai, Charlton Hinman, ya nuna haka a 1963, bayan ya gwada kwafe-kwafen Folger da na'urar da ya ƙera. Wannan falle ukun ma yana son suna. "Ƙunshi"?

Malamar Hausa: Ƙunshi ya zauna: "ninkin gida biyu, ƙunshin warƙa shida".

Mai tambaya: Na gode, malamai. Zan rubuta "bugun farko na gida biyu, 1623", in ambaci foliyo sau ɗaya a farko saboda mai neman littafin a kundin Folger.